Ƙorai Huɗu da Jakin Munkaila

Ranar da jikana Abdulmajid ya dawo daga Yamai, bai ko aje jakarsa ba ya ce in ba shi ƙorai huɗu.

Na ce, "Mai gida, fura za ka dama wa gari?"

Ya ce, "Tsohuwa, ilimi za a zuba ciki. Bana konkur ta shiga uku."

Konkur ita ce jarrabawar shiga aikin gwamnati. Sau uku yana zamanta, sau uku tana kayar da shi, kuma kowane karo akwai mai laifi. Karon farko bik ɗinsa na rubutu ne ya ƙafe. Na biyu wani na bayansa ya yi ta tari. Na uku mai gyaran takardu ne ya ji haushin kyan rubutunsa. Bana kuwa, in ji shi, ya gano asirin abin da suke kira sintez. Wai za a dire maka tulin takardu, wannan ta ce kaza, waccan ta ce kaza, a ba ka awa uku, kai kuma ka tatse su cikin shafi biyu, magana na bin magana ba tsalle.

Na ce, "Ashe sussuka ce da shiƙa."

Ya ce, "Ke bar kwatanta ilimi da aikin turmi."

Ya ɗauki gawayi ya rubuta wa kowace ƙwarya suna: dabor, ansuwit, sapandan, donk. Wai da farko ke nan, da bayan haka, da amma fa, da saboda haka. Duk maganar duniya, in ji shi, sai ta faɗa ɗaya cikin huɗun nan. Sannan ya miƙe tsakar gida ya karanta mana dokokinsa kamar mai shela. Abin da anka maimaita, sau ɗaya ake ɗaukarsa. Abin da anka fi yawan faɗa, shi ne uwar magana. Abin da anka faɗa sau ɗaya tak, ƙaiƙayi ne, a ba iska.

Ƙanwarsa Fadila tana zaune bakin rumbu da nata takardun, don ita ma bana za ta zauna konkur ɗin. Ita ba ta da ƙwarya. Takan karanta takarda sau biyu, ta ja layi da fensir, ta yi ta cizon leɓe. Ta ɗago kai ta ce, "Yaya, ba a duba wa ya faɗi maganar?"

Ya ce, "Yarinya, sau nawa kinka shiga ɗakin konkur?"

"Ban taɓa ba."

"To ni sau uku. Ki yi shiru ki koya."

Ni a lokacin hankalina ba ya kan konkur, yana kan wakena. Ina da wata 'yar gona bakin burtali, hanyar da shanu ke bi, inda nake shuka irin waken da uwata ta bar mini. Fari ne mai jan ido, ba ya tsutsa da wuri, amma yana da nawa. Kowa ya rore nasa, shi sannan yake fara bushewa. A duk garinmu ba wanda ke da irin sai ni, kuma bara na yi kuskuren rarraba shi, har ya zamana abin da ke cikin gonar nan shi ke nan. In ya tahi, ya tahi.

Abdulmajid ya ce kafin ranar jarrabawa sai ya gwada dabararsa a kan komai. Ya fara da kasuwa.

Ranar Laraba, ranar kasuwarmu, na aike shi ya sayo mini ƙullin gishiri da basilla ta ɗinkin buhu. Maƙwabciyata Sahura ta leƙo ta katanga ta ce ita ma ya sayo mata gishiri. Fadila ta ce ita ma gishiri, don talle take yi na dafaffiyar gyaɗa. Ya rubuta kowane saƙo a 'yar takarda, ya jefa cikin ƙorai, ya tahi yana taku ɗai-ɗai.

Ya dawo da ƙulli ɗaya.

Sahura ta ce, "Ina nawa?"

"Ga shi nan."

Fadila ta ce, "Nawa fa?"

"Shi ne dai. Ku uku abu guda kunka faɗa. Abin da anka maimaita sau ɗaya ake ɗauka."

Na ce, "To basillata?"

"Sau ɗaya kinka ambace ta, Tsohuwa. Ƙaiƙayi ce."

Sahura ta riƙe haɓa, ta kira sunana ta ce, "A'i, wannan karatun da jikanki ya yi, a ina ake maida shi a karɓi wani?"

Ran nan gida biyu sunka ci miya lami-lami.

Kwana biyu bayan haka Modibbo ya biyo ta ƙofar gida. Shi ne babban Fulanin da ke zaune a rugar yamma da gari, kuma matarsa Kaltume ita ke kawo mini nono shekara ashirin. Ya tarar da Abdulmajid a zaure da ƙoransa, ya shiga gaisuwa yadda ta kamata. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina tsohuwa, ina baƙunta, ya anka baro mutanen Yamai. Abdulmajid bai amsa ko ɗaya ba, yana ta lanƙwasa yatsu. Sai da dattijo ya kai aya, sannan ya ce, "Donk, lahiya."

Modibbo ya dube shi tun daga hula har takalmi. Kun san wasan da ke tsakanin mu Arawa da Fulani, ba a barin juna. Ya ɗaga murya ya ce, "A'i! Na san Ba'are da rowar tuwo, amma yau na ga mai rowar gaisuwa. Ajiyarta yake ya kai wa gwamnati?"

Na fito na ba shi haƙuri. Abdulmajid kuwa ko a jikinsa. Wai ya tatse tambaya shida cikin kalma biyu, a Yamai da an tafa masa.

Da abin ya tsaya kan gishiri da gaisuwa, da ban ɓata takarda ina rubuta wannan ba.

Kowace shekara bayan girbi akan yi zama ƙofar mai gari, manoma da makiyaya, a tsai da ranar sakin gonaki, wato ranar da shanu za su shiga su ci kara da harawa, su bar mana taki. Kafin ranar, ko ƙofato ɗaya ba ya shiga. Bana mai rubuta wa mai gari takarda ya tahi Doso neman maganin ido. Ana cikin tunanin wa zai riƙe alƙalami, sai ga Abdulmajid da ƙorai huɗu a kai kamar mai tallar nono.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, abin da kuke kwana uku kuna ja, ni cikin layi huɗu zan gama shi."

Mu mata muna zaune bayan zana muna ji, ni da Sahura da Fadila. Na ce a raina, Allah ka rufa asiri.

To a wannan satin akwai abin da ya dami gari. Jakin Munkaila mai amalanke ya koyi kwance igiya da haƙori. Ya ci dawar wannan, ya zubar da tulun wancan, ya shiga masallaci ya tauna tabarma. Saboda haka duk manomin da ya miƙe don ya yi maganar gona, sai ya ce, "Kafin in ce komai, jakin Munkaila," daga nan sai zuciya ta ɗebe shi, ya zauna bai faɗi abin da ya tashe shi ba. Maza ai hatsinsu ya riga ya shiga rumbu. Abin da ya rage a daji namu ne, wake.

Fulani su ma sunka yi ta miƙewa, kowa na cewa ciyawar burtali ta ƙare, shanu sun gaji da jira. Abdulmajid yana ta yage takarda yana jefawa cikin ƙorai, gumi na ɗiga daga hancinsa.

Mai garinmu tsoho ne, kuma ba ya magana a taro sai sau ɗaya. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Yakan bari kowa ya zazzage cikinsa, sannan yana laluben takalminsa ya faɗi hukunci a hankali, ya shige gida. Yaron goye ma ya san wannan a garinmu. Ran nan ma haka anka yi. Ya sa ƙafa ɗaya cikin takalmi ya ce, "Mun ji. Sai an gama roron waken mata. Laraba ta uku." Modibbo ya ce, "Madalla." Taro ya watse.

Da la'asar na tarar da Abdulmajid tsakar gida ya baje takardu yana ƙirga.

Fadila ta tsinci wata 'yar takarda da iska ta kai bakin murhu, ta karanta, ta ce, "Yaya, wannan fa maganar mai gari ce."

"Sau nawa ya faɗa?"

"Sau ɗaya, amma..."

"Ƙaiƙayi."

Na ce, "Kai mijin banza, ƙaiƙayin nan wakena ne. Ka kai wa mai gari takardar ya ji kafin kowa ya ji."

Ya ce, "Tsohuwa, a ɗakin konkur ba a tambayar kowa. Mutum shi kaɗai yake da basirarsa."

Na ɗauka zai kai. Ashe bayan na shiga ɗaki, ya ɗauki salula ya karanta abinsa cikin saƙon murya, ya tura wa zauren watsaf na gari, ya tura wa na makiyaya, har da cewa daga ƙofar mai gari.

Washegari da hantsi ina tankaɗe, sai ga Kaltume ta faɗo gidan ba sallama, nono na zuba daga ƙwarya.

"Yaya A'i, da gaske ne an sake magana?"

"Wace magana?"

"An ce a saki shanu yau! Modibbo ya yi sammako ya tahi garin Keshe, ɗanmu Ma'azu kuwa bai je taron jiya ba, saƙon kawai ya ji. Ga shi can ya koro garke ya shigo burtali. Na ce masa waken A'i fa, ya ce Inna, daga ƙofar mai gari ne."

Ban san sadda rariya ta faɗi daga hannuna ba. Na ƙwala wa Sahura kira, Sahura ta ƙwala wa na gaba da ita. Kafin ka ce kwabo mata sun fito, wata da taɓarya, wata da muciya, wata da ɗa a baya da kumfar sabulu a hannu. Fadila ta ruga gidan mai gari.

Abdulmajid ya fito yana miƙa. "Lahiya ake gudu?"

Na ce, "Sintez ɗinka ce ke tahe da ƙaho. In saniya ɗaya ta sa baki cikin waken uwata, na rantse sai na dama fura da ƙoran nan a kanka."

Ya ce kada in damu, shi zai riga kowa isa, ya yi wa Ma'azu bayani a tsare. Ya kwashi ƙoransa. A ƙofar gida kuwa ga jakin Munkaila, samari sun ɗaure shi tamau a gindin iccen bedi da igiya biyu, don wannan ɓangaren na saƙon kowa ya yi na'am da shi. Munkaila na tsaye yana masifa, wai an hana shi ɗaukar kaya. Abdulmajid ya kwance jakin ya haye.

Munkaila ya ce, "Kai ɗan boko, ba a hawansa ta nan!"

"Dabor, ka matsa."

Jaki ya yi tsaye kamar an dasa shi. Abdulmajid ya dunguri cikinsa da dunduniya. Jaki ya zabura, ba ta hanyar burtali ba, ta lungun masu awara. Ya ture teburi, ya bi ta ƙarƙashin igiyar shanya, Abdulmajid ya fito da zanen wata a wuya, hannu ɗaya riƙe da ƙorai, ɗaya riƙe da kunnen jaki, yana ihu, "Sapandan! Sapandan!" Mu da muke tahiya da ƙafa, da ni da gwiwata mai ciwo, mun riga shi isa.

Munka jeru bakin gona, munka ware zannuwa muna kaɗawa. Ga shanu sun cika burtali, farare da jajaye, ƙaho kamar dajin ƙirare, ƙura ta tashi. Ma'azu yana gaba da sanda a kafaɗa. Na ce, "Ma'azu, ni ce na wanke ka ranar sunanka. Ka tsai da su." Ya tsaya yana kallon salularsa yana kallona, bai san wanda zai bi ba. Shanu kuwa sun ji ƙanshin harawa, suna ta turo juna.

Sai ga jaki ya ɓullo ta bayanmu, ta inda ba mai tsaro. Ya tsallake shinge, ya yi birki, ya sauke Abdulmajid ta gaba cikin ƙaya, ya sa kai cikin wakena ya fara ci kamar wanda anka gayyata. Sai da mata huɗu sunka rufe shi da taɓare sannan ya fita, da reshen wake a baki.

Ana cikin haka mai gari ya iso a amalanken shanu, Fadila na biye. Modibbo ma ya iso a bayan babur ɗin kabu-kabu, don labari ya tarye shi a hanya. Rabin gari ya taru. Anka ciro Abdulmajid daga ƙaya, hula ta tahi, takalmi ɗaya.

Mai gari ya ce, "Karanta mana abin da ka ce na ce."

Abdulmajid ya gyara murya. Ko a lokacin bai karaya ba. Ya karanta da ƙarfi:

"Dabor, babbar matsalar garinmu ita ce jakin Munkaila. Ansuwit, shanu sun gaji da jira a burtali. Sapandan, jaki ɗaya ne, shanu kuwa da yawa, kuma ɗaure ɗaya ya fi ɗaure ɗari sauƙi. Donk, a ɗaure jakin Munkaila, a saki shanu."

Ya ɗago kai yana jiran tafi.

Mai gari ya ce, "Ina tawa maganar?"

"Ranka shi daɗe, sau ɗaya ka faɗe ta."

"Jakin fa?"

"Sau goma sha bakwai."

Modibbo ya buga sanda a ƙasa ya ce, "To Arawa, magana ta ƙare. Ku kawo rawani a naɗa jaki!"

Dariya ta ɓarke har masu taɓare. Munkaila ya ce in dai za a naɗa, shi ne waziri. A cikin wannan hayaniya wata jar saniya ta miƙo wuya ta saman shinge, ta sa baki cikin ƙwaryar donk da ta faɗi nan, ta lashe takardun tas.

Abdulmajid ya ce, "Wayyo, kammalawata!"

Modibbo ya ce, "Kwantar da hankalinka, ɗan Ba'are. Ita in ta haɗiye takan dawo da shi ta sake tuƙawa. Ta fi ka bita."

Mai gari bai yi dariya ba. Ya juya ya ce, "Ke ɗiyar nan da kinka kira ni, an ce ke ma karatun kike. Kina bayan zana jiya. Mi anka ce?"

Fadila ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranka shi daɗe, hatsi ya shiga rumbu, ba abin da ya rage a gona sai waken mata. Makiyaya suna son a saki da wuri, domin ciyawar burtali ta ƙare. Amma wake bai bushe ba, shi ya sa ka yanke Laraba ta uku, Baba Modibbo kuma ya amince. Maganar jaki kuwa tsakanin Munkaila ne da igiyarsa."

Mai gari ya ce, "A tura wannan." Ya hau amalanke.

Ma'azu ya yi wa shanunsa kira irin nasu, sunka juya da ƙyar, suna waiwayen harawa. Na shiga gona na duba. Kusurwa ɗaya ta tahi, kamar faɗin tabarma biyu, kuma ba saniyar da ta taɓa ko ganye. Duk ɓarnar ta jakin da jikana ya kawo ce. Na tsuguna na tsince kwanson da ya zube. Da na ɗago na ga Abdulmajid tsaye, ƙaya a gwiwa, yana kallon ƙasa, sai haushin ya ragu. Na goye shi a bayan nan nawa, na san ba mugu ba ne. Kansa ne kawai ya yi masa yawa.

Na ce, "Daga yau har Laraba ta uku, nan ne lakkwal ɗinka, nan za ka yi karatun. Tun hantsi har faɗuwar rana. Jaki, akuya, ko tsuntsu, in ya shiga kai ne."

Haka anka yi. Sati uku yana zaune ƙarƙashin kalgo da sanda da takardunsa. Fadila kan kai masa fura, ta zauna su yi karatu tare, ina jiyo su suna gardama a kan wace magana ke bin wace. Da waken ya bushe shi ya rore rabinsa, yana kuka da ciwon baya. Ranar Laraba ta uku anka saki gonaki, shanun Modibbo sunka shiga tawa sunka ci harawa sunka bar mini taki. Na sussuke wake, na ware iri mai kyau, na cika ƙorai huɗun nan da shi fal, da sunayensu na gawayi a jiki.

Ranar da za su tahi Doso zaman konkur, na soya musu ƙosai da waken. Maƙwabta sunka taru ƙofar gida, kowa na cewa Allah ya ba da sa'a, Allah ya ba da sa'a, ya fi sau ashirin. Abdulmajid yana gaba da jaka yana amsawa kamar ya riga ya zama farfe mai mulkin jiha. Ni kuwa na lura ya manta wani abu, ina laluben takalmina a bakin ƙofa, na ce a hankali, sau ɗaya, "Takardar shigarka ɗakin jarrabawa tana ƙarƙashin ƙwaryar donk."

Ya yi taku uku. Ya tsaya cak. Ya juyo ya ce, "Tsohuwa, mi kinka ce?"

Ban maimaita ba.

Ya ruga ciki, ya ɗaga ƙwarya a hankali don kada wake ya zube, ya fito da takardar yana kaɗa ta sama. Ya dubi jama'a ya ce, "Kun gani? Doka ta huɗu ke nan: abin da babba ya faɗa sau ɗaya, shi ne uwar magana. Ni na gano ta da kaina, a gona. Fadila, rubuta, kada ki ce ban koya miki ba."

Sahura ta ce, "A'i, a ƙara masa ƙosai. Bakin nan yana bukatar abin toshewa har Doso."